ZAUREN IYAYE: Ƙwai a Baka, ko Kaza a Akurki?

 

A watan jiya mun kai ziyara wajen Bunkure. Bayan an tashi sujada, wata uwa ta ja mu gefe, gindin darbejiya, ta ce, "Malam, ku ba ni shawara. Ɗana shekararsa tara. Kullum sai in sallame shi zuwa makaranta, ashe bakin kanal ya ke tafiya wanka da abokansa. Na yi faɗa, ubansa ya yi duka har ya gaji. Yanzu ga shi yana fitsarin jini. Yaron nan ba ya iya kame kansa ko kaɗan."

Muka ce mata ta fara kai shi asibiti, gama wannan alamar tsargiya ce. Tsutsar cutar tana fitowa daga ƙananan dodon koɗi da ke zaune cikin ruwa mai tafiya a hankali, ta huda fatar mai wanka ta shiga jini. Akwai maganinta, amma in an bar ta takan lalata mafitsara. Kada kowa ya ce alamar girman ɗa namiji ce. Cuta ce.

Sauran maganarta kuwa ta bi mu har gida. Ta yaya yaro ya ke koyon kame kansa? Da muka yi ta tunani, sai muka ga amsar tana nan kwance a gonakin da muka ratsa.

Waɗanda suka san ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam sun san yadda noman rani ya ke a can. An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga nan ruwa ya ke gangarowa da kansa, ba da inji ba, ya bi ta Ruwan Kanya da babban kanal, ya rabu gabas da yamma, ya shiga ƙananan hanyoyi har ya kai gonar alkama da tumatir da albasa. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce ke lura da aikin. Gonaki da yawa sukan sha daga hanyar ruwa guda, saboda haka dole a yi bi da bi.

To, ku lura da manomi biyu. Na fari ya san ranarsa, kuma duk lokacin da ranar ta zo ruwa yakan iso. Wannan mutum zai ga ruwa yana wucewa ta bakin gonarsa, tumatirinsa ya soma yaushi, amma ba zai taɓa ba. Na biyu yana can ƙarshen hanya, inda ciyawa da laka suka toshe. An ce masa Talata, Talata ta zo ba ruwa. An ce Alhamis, haka. Shi ne za ka tarar da tsakar dare da fartanya yana fasa hanya. Ba lalle ne na farin ya fi na biyun kyan hali ba. Abin da ya raba su shi ne, ɗaya an cika masa alkawari, ɗaya ba a cika ba.

Haka yara su ke. Masana halin ɗan adam sun gwada wannan. Wajen 1970, wani malami mai suna Walter Mischel, na Jami'ar Stanford a Amurka, yakan zaunar da ƙaramin yaro a ɗaki, ya ajiye alewa guda a gabansa, ya ce masa, "In ka jira na dawo, za ka sami biyu." Waɗansu yaran suka cinye nan take, waɗansu suka jira. Mischel ya lura masu jiran suna da dabara: su rufe ido, su juya baya, ko su yi ta waƙa. Watau jira abu ne da a ke koyo.

A 2013 kuma aka buga labarin wani gwaji da Celeste Kidd da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Rochester da yara 28. Kafin a kawo alewa, sai a yi wa yaro alkawarin kayan zane masu kyau. Rabin yaran aka kawo musu, rabi kuwa aka dawo hannu wofi aka ba su haƙuri. Da aka zo kan alewa, waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kamar minti 12, waɗanda aka saɓa wa kuwa kamar minti 3 kaɗai. Alkawari biyu ƙanana da aka karya, su ne suka jawo wannan.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne. Wata malama Bajamushiya, Bettina Lamm, ta yi irin gwajin da yara 'yan shekara huɗu na manoman Nso a Kamaru, da kuma yaran Jamus, aka ji sakamakon a 2017. Fanke aka ajiye wa yaran Kamaru. Wajen 70 cikin ɗari nasu suka jira minti 10 cif, na Jamus kuwa ba su kai 30 cikin ɗari ba. Ashe gidan manomi ba baya ba ne wajen koya wa yaro haƙuri.

Yanzu bari mu dubi kanmu. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Wa ya koya wa 'ya'yanmu wannan karin magana? Mu ne, ba da baki ba, da aiki. Yaro ya yini tsinkar tumatir a gonar wani, an biya shi, ya kawo gida yana murna. Sai mu ce, "Kawo in ajiye maka." Kuɗin ya shiga cefane, ba a ƙara zancensa ba. Yarinya tana kuka za ta bi mu kasuwa, mu ce, "Je ki ɗauko takalminki," kafin ta fito mun sulale. Mu masu rubuta wannan shafi mun aikata haka. Akwai ranar da autarmu ta tambaye mu kuɗin da kawunta ya ba ta a Kirsimati, muka rasa ta cewa. Tun daga ranar, duk abin da ta samu sai ta ruga wurin mai alewa kafin mu gani. Muka ce ba ta da tattali. Alhali lissafinta daidai ne: ta gane akurkin gidanmu babu kaza a ciki.

Ba mu ce a bar horo ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Amma tsoron bulala yana aiki ne muddin mai bulala yana kusa. Kanal kuwa yana kan hanyar makaranta, inda babu uba, babu malami. A wurin, ba mai tsare yaro sai abin da ke cikin zuciyarsa. Manzo Bulus, a wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa sura 5, ya lissafta kamun kai cikin 'ya'yan Ruhu. 'Ya'yan itace kuwa nuna su ke yi a hankali. Duka ba ya sa su nuna.

Ga abin da muka shawarci uwar nan, mu ke kuma shawartar kanmu.

Na fari, kada mu yi wa yaro alkawarin da ba za mu cika ba, kome ƙanƙantarsa. Alkawari kaya ne. In abin ya gagara, mu kira shi mu faɗa masa dalili, mu sa wata rana.

Na biyu, in mun karɓi kuɗin yaro, mu rubuta a gabansa, ko mu saya masa asusu na ƙasa ya riƙa sakawa da hannunsa. A sa ranar fasawa, a kuma sayi abin da aka shirya, ko kaza ce ko takalmi.

Na uku, jira ya kasance da iyaka wadda yaro ya sani. "Anjima" ba lokaci ba ne. Mu ce, "In inuwa ta kai bakin rumbu," ko "In ka gama shafin nan." Mu soma da gajeren jira, sa'an nan mu ƙara.

Na huɗu, mu koya masa dabara. Yaron da kanal ke ja, kada a ce masa "ka daure" kawai. A sake masa hanya, a haɗa shi da yayansa ko wani abokin kirki, a kuma tanada masa ruwan rijiya a gida ya yi wasan ruwa in ya dawo. Zafi gaskiya ne, son wasa kuma ba zunubi ba ne.

Ku malaman firamare da na makarantar Lahadi, ku ma da naku. In kun ce za a ba da labari bayan lissafi, a ba da shi. Wanda ya ɗaga hannu ya jira, shi za ku kira, ba mai ihu ba. In mai ihu ne ke samun amsa kullum, aji duka zai koyi ihu. Ku kuma riƙa barin yaro ya duba aikinsa da kansa kafin ku sa jan biro, domin wata rana ba za ku kasance kusa ba.

Da za mu rabu da uwar nan, ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Malam, akwai kuɗin tsinkar tumatir ɗinsa na bara a wurina." Muka ce, to, daga nan za ki fara.

Ku rubuto mana yadda ku ke yi a gidajenku. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.