Dashen Haƙori Nan Take: Gurbi Ake Fara Kiyayewa

Kalmar "dashe" da muke kiran aikin kafa haƙorin ƙarfe a muƙamuƙi da ita ta dace ƙwarai, sai dai rabin ma'anarta ake yawan ɗauka. Manomin albasa ya san dashe ba ya kamawa a ƙasar da ta zaizaye. A ganina, nasarar dashen da ake yi a ranar da aka cire haƙori ta fi rataya a kan yadda aka yi cirewar fiye da tsadar ƙarfen da aka kafa.

Per-Ingvar Brånemark, ɗan ƙasar Siwidin, shi ne ya gano a 1952 cewa ƙashi yana manne wa ƙarfen taitaniyom, kuma a 1965 ya yi wa mutum na farko dashe. A tsarinsa sai gurbi ya warke tsawon watanni kafin a kafa komai. A 1976 Schulte da Heimke a Jamus suka ba da rahoton kafa dashe a sabon gurbi. Daga nan aka daɗe ana zaton dashen zai maye matsayin saiwa, ya hana ƙashi ramewa.

Zaton bai tabbata ba. Binciken Schropp da abokan aikinsa na 2003 ya nuna faɗin ƙashi yana raguwa da kusan rabi cikin shekara guda bayan cire haƙori, kuma kashi biyu cikin uku na raguwar cikin watanni uku na farko ne. A 2005 Araújo da Lindhe da abokansu suka gwada a kan karnuka, suka ga ƙashin ya rame ko da dashe na ciki. Dalili kuwa shi ne, siririn ƙashin da ya kewaye saiwa yana rayuwa ne da zaruruwan da suka ɗaure haƙori. In haƙori ya tafi, shi ma sai ya bi shi. Bangon da ke ɓangaren leɓe ya fi shan wahala, domin a haƙoran gaba na sama sau da yawa kaurinsa bai kai milimita 1 ba.

Saboda haka dabarun da suka fi amfani duk na lallaɓawa ne. A yanke zaruruwan da siririn ƙarfe maimakon a yi ta jijjiga haƙori, a raba saiwoyin matauni a fitar da su ɗaya bayan ɗaya, kada kuma a ɗaye dasashi daga ƙashi in ba dole ba, don ta nan jini ke isa ga bangon. Sannan a karkata dashen zuwa wajen ganɗa, a nutsa shi 'yan milimitoci ƙasa da inda saiwa ta ƙare domin ya tsaya daram, a cike ratar da ta rage da garin ƙashi. Akwai kuma dabarar da Hürzeler ya bayyana a 2010, ta barin ɓallin saiwa a ɓangaren leɓe ya zama garkuwa. Tana da ban sha'awa, amma ba ta kowane hannu ba ce: in ɓallin ya motsa ko ya ruɓe, aikin ya ɓaci. Inda bango ya riga ya karye, ko ciwon suga bai daidaita ba, ko majinyaci mai yawan shan taba ne, jira ya fi.

A nan ne lamarin ya shafi manazarta Hausa. Garin ƙashin da ake cikon da shi galibi na saniya ne, fatar da ake rufe shi da ita kuwa sau da yawa daga alade ake sarrafa ta. Akwai na roba da na jikin mutum kansa, amma majinyaci ba zai zaɓa ba sai an faɗa masa da harshen da yake ji. Takardar neman amincewa da Hausa tana buƙatar tsayayyun kalmomi na gurbi, da bango, da ciko, da asalin abin da za a cusa masa a baki.