Dashen Ɓargo Ya Iso Ikko, Amma Gwajin Jini Ne Gatan Talaka

A 1968 likitocin Amurka suka fara ceton yaron da aka haifa ba garkuwar jiki, ta hanyar dasa masa ɓargon 'yar'uwarsa. Daga baya aka gane wannan dabara tana warkar da amosanin jini, wato sikila, cutar gado da ake kiyasin jarirai 150,000 ake haifa da ita a Nijeriya kowace shekara.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Binin ya yi dashen farko a ƙasar nan a 2011. Na Jami'ar Ikko ya bi sahu a 2024, ga shi kuwa a Idi-Araba yake, maƙwabcin unguwar Hausawa.

Amma kada murna ta rufe wa 'yan Arewa mazauna Kudu ido. Aikin ba wasa ba ne. Sai an kashe ɓargon majiyyaci da magunguna masu ƙarfi, sa'an nan a ɗura masa na wani ta jijiya. Wanda ya fi dacewa ya bayar shi ne ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma sau ɗaya cikin huɗu ne ake dacewa sarai. Wani lokaci jiki ya ƙi baƙon ɓargon, ko baƙon ya juya ya yaƙi jiki. Kuɗin kuwa miliyoyin naira ne. Ina maigadi a Apapa, ko manomin citta a Kwoi da Nok, zai samo su?

Abin da talaka ke iyawa shi ne gwaji kafin aure. In miji da mata duk jininsu AS ne, kowane ciki yana da hatsarin ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai sikila. Jihar Kano ta mai da gwajin doka a 2024.

Saboda haka saurayin da ke shirin komawa Kafanchan ko Kagoro neman aure a ƙarshen shekara, lalle ne ya san irin jininsa tun kafin a kai gaisuwa, domin janyewa bayan an karɓi sadaki abu ne mai wuya. Sarakunan Hausawa na Agege da Sabo Ibadan, da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, su sa wannan magana cikin tarurrukansu. Limamai da fastoci kuma su nemi takardar asibiti kafin su ɗaura aure.