KASUWA TA DAWO BIRNIN GWARI, SAURA TSARON SUNA

A watan Nuwamba na shekarar 2024 Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani, ya tafi Birnin Gwari da kansa ya sake buɗe kasuwar shanu ta garin, wadda ta yi kusan shekara goma a rufe saboda ta'adin 'yan bindigan da suka yi sansani a dajin Kamuku da na Kuyambana. Duk wanda ya san irin wahalar da mutanen wannan masarauta suka sha, tun daga Dogon Dawa da Kuyello har Randagi da Kakangi, ya san buɗe wannan kasuwa abin murna ne ƙwarai. To, amma kasuwar da aka buɗe ta sha bamban da wadda aka rufe, domin kuwa akwai wata dukiya a cikinta wadda ba a ba tsaronta muhimmanci ba, watau sunan kamfanin ɗan kasuwa, da layin wayarsa, da asusunsa na banki.

A da, jarin falke kuɗi ne a lalita da kuma shaidar da dillalai za su yi masa. Yanzu kuwa, musamman tun ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan canjin naira a farkon 2023, ciniki mai yawa ya koma ta waya. Attajirin da ke Ibadan ko Legas yana iya sayen masara mota guda daga Birnin Gwari ba tare da ya taɓa ganin fuskar mai kayan ba. Abin da ya sani kawai shi ne sunan kamfanin a WhatsApp, da lambar da yake kira, da asusun da yake zuba kuɗi. Ashe ke nan duk wanda ya riƙe wannan lamba, shi ya riƙe rumfar, da abokan cinikinta, da amincin da aka yi shekaru ana ginawa.

Hanyoyin da wannan dukiya ke salwanta ba ɓoyayyu ba ne. Ta farko ita ce fashi. Matafiyin da aka tare a hanya, wayarsa na cikin abin da ake fara karɓewa, kuma katin layin da ke cikinta shi ne mabuɗin banki, domin ta kansa ake aiko lambar sirri ta tabbatar da fitar kuɗi. Idan ba a kulle katin ba, sai a zare shi a sa a wata waya, a kwashe abin da ke asusun, sa'an nan a bi abokan ciniki ɗaya bayan ɗaya da sunan mai kamfanin ana neman kuɗin kafin alƙalami.

Ta biyu ita ce mutuwar layi. Bisa ƙa'idar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, layin da ya yi wata shida ba a yi amfani da shi ba ana tsayar da shi, in kuma ya ƙara wata shida a haka, kamfanin waya na da ikon sayar wa wani. Mutumin da ya yi gudun hijira, ko ya daɗe a hannun masu garkuwa, ko ƙauyensu ya rasa sabis, yana iya dawowa ya tarar lambar da aka san kamfaninsa da ita tana hannun baƙo, alhali kuwa saƙonnin bankinsa har yanzu can suke zuwa.

Ta uku ita ce yankewar sadarwa. A ƙarshen Satumba 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Birnin Gwari, bayan ta dakatar da cin kasuwannin mako, kuma sai a ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin maidowa. Ko ma mene ne ra'ayin mutum game da amfanin matakin ga tsaro, darasinsa ga ɗan kasuwa a fili yake: wanda duk lissafin bashinsa ke cikin saƙonnin waya, ya yi wata biyu a makance. Haka kuma ran 4 ga Oktoba na wannan shekara, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya har tsawon kimanin sa'a shida. Waɗannan dandali mallakar wani kamfani ne a Amurka, mai shafi ɗan haya ne kurum, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Ta huɗu, wadda ta fi yawa kuma aka fi raina ta, ita ce sakaci na cikin gida. Tun Disamba 2020 Gwamnatin Tarayya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa. Attajirai da yawa da ba su yi boko ba sukan sa yaron shago ko ɗan ɗan'uwa ya buɗe musu layi da shafi da asusu, duk da sunansa. Muddin ana zaman lafiya babu matsala. Ranar da aka saɓa, ko Allah ya yi wa ɗayansu rasuwa, sai a tarar a idon hukuma komai na yaron ne, magada su rasa hujjar da za su kama.

Maganin waɗannan abubuwa bai fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa ba. Ya kamata kowane kamfani, da kowace ƙungiyar manoma ko ta dillalan shanu, su yi rajistar sunansu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, su buɗe asusu da wannan suna. Layin ciniki ya zama da sunan mai dukiyar, a kulle katinsa da lambar sirri, a riƙa sa masa kati a kai a kai don kada ya mutu, kuma a raba shi da wayar da ake tafiya da ita. A sa wa WhatsApp makulli na biyu, wanda ba ya cin ko kwabo. Idan waya ta ɓace, a sanar da banki da kamfanin waya a ranar, kana a shaida wa abokan ciniki. Lissafin bashi da lambobin mutane a rubuta su a littafi, da boko ko da ajami, a ajiye kwafi a wani gari. Kamfanin da ya ɗan yi ƙarfi kuwa, ya mallaki adireshinsa na intanet mai ƙarewa da .ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da rajistarsa, ya kuma riƙa sabunta shi kafin wa'adi ya cika, don kada wani ya riga shi.

Hukuma ma tana da nata nauyin. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri ko tara ga mai yin sojan gona da sunan wani, akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, amma doka ba ta amfanar wanda bai san da ita ba. Lalle ne Ma'aikatar Ciniki ta jiha da ƙaramar hukuma da fadar Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari su haɗa kai a kafa teburin rajista da wayar da kai a ranakun kasuwa, maimakon a bar mutum ya yi tafiyar kilomita fiye da 100 zuwa Kaduna saboda takarda guda. Haka nan ya dace NCC ta duba yadda za a ƙara wa'adin sayar da layukan mutanen yankunan da rikici ya raba da gidajensu, domin shirun waɗannan layuka tilas ce ta jawo shi.

Ma'aikatan gwamnati da ɗalibai 'yan asalin yankin su ne idon iyayensu a wannan fage. Ɗalibin da ya zo hutu ya zauna da mahaifinsa ya duba sunan wa ke kan layin shago da asusunsa, ya gyara tun ana shiri da juna, ya yi wa gidansu aikin da ya fi tsaraba. Shanun da aka kora ana iya sayen wasu in Allah ya hore, amma abokin cinikin da aka damfara da sunan mutum da wuya ya sake aiko kuɗi Birnin Gwari. Allah ya ɗorar da zaman lafiya a wannan masarauta, ya kuma sa masu dukiya su farga tun da wuri.