Kyautar doki, ina kuɗin dawa?

Watan Afrilu ya bar wa Nijar tarihi biyu. A Afrilun 1899 mutanen Lugu, ƙarƙashin Sarauniya Mangu, suka tari rundunar Voulet da Chanoine da kwari da baka. Ranar 16 ga Afrilun 1997 kuma jirgin jigilar soja samfurin C-130 ya faɗi kusa da Yamai yana shirin sauka, mutum 14 suka riga mu gidan gaskiya. Na farko kowane ɗan makaranta ya san shi. Na biyu ba a cika tunawa da shi ba, alhali shi ya fi shafar ɗan Lugu na yau da ya sa kaki aka tura shi Diffa ko Dirku.

Ƙasar da faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1,267,000 ba ta iya tsare iyakokinta da mota kaɗai. Daga Yamai zuwa Diffa ya haura kilomita 1,300. Jirgin jigila shi ke kai abinci da harsashi bakin daga, shi ke kwaso wanda ya ji rauni. In ya kwanta, soja ya koma kan hanyar da ake binne wa nakiya. In ya tashi ba da cikakkiyar lafiya ba, ya zama makara mai fiffike.

Nijar ta sayi C-130 guda biyu a 1979, ɗayansu ne ya faɗi a 1997. A Janairun 2021 Amurka ta ba da wani kyauta, daga baya ta ƙara biyu. An yi fareti, an yi jawabai. Amma duk wanda ya taɓa riƙe doki a Arewa ya san ranar karɓa ce kawai ranar murna. Kashegari sai dawa da ciyawa da kanwa. Ɗan kasuwar Dogon Dutsi mai babbar mota ya san haka: bai jira sai inji ya buga sannan ya juye baƙin mai.

Jirgi ya fi mota tsauri. Ana ƙidaya masa sa'o'in tashi, kowane ƙarfe da wa'adinsa, in ya cika a cire shi ko da yana ƙyalli. Ƙurar hunturu tana cin inji. Fiffike yana gajiya da shekaru, ya tsage inda ido ba ya gani. A 2022 Amurka da kanta ta dakatar da jirage C-130H fiye da 100 saboda an ga tsaga a gindin farfelarsu. Irin wannan samfurin ne ta bai wa Nijar.

Ban da gyara, akwai na'urorin kiyaye haɗari. Yarjejeniyar Shikago ta 1944 ba ta ɗora wa jiragen soja dokokin jiragen fasinja ba, amma sama ɗaya suke bi. Ranar 13 ga Satumba 1997 wani jirgin sojan Jamus da ya sha mai a Yamai ya yi karo da na sojan Amurka a kan teku daura da Namibiya, mutum 33 suka hallaka. Babu ɗayansu da ke ɗauke da na'urar gargaɗin karo. Maƙwabta ma sun ɗanɗana: ranar 26 ga Satumba 1992 C-130 na Najeriya ya faɗi a Ejigbo jim kaɗan da tashinsa daga Legas, ya ci rayuka fiye da 150, yawancinsu hafsoshi.

To, ina kuɗin za su fito? Masu mulki kan ce baitulmali ba shi da ƙarfi, kuma sha'anin tsaro sirri ne. Ga amsa. Binciken da aka yi wa ma'aikatar tsaro a 2020 ya nuna an yi asarar miliyar 76 na sefa ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Labarin ya fito ne ana cikin makokin sojoji 71 na Inates da 89 na Shinagodar. Ashe kuɗi ba su ɓata don babu ba, sun ɓata ne don ba mai gani. Duk da haka, a Fabrairun 2024 aka sa hannu kan dokar da ta tsame sayayyar kayan tsaro daga ƙa'idojin ba da kwangilar gwamnati. Kafin nan, a Oktoban 2023, Amurka ta dakatar da yawancin taimakonta, a 2024 kuma sojojinta suka fice. Mai kyauta ya tafi, doki na turke.

Sirrin yaƙi daban, sirrin lissafi daban. Ba wanda ya ce a faɗi inda jirgi zai sauka gobe. Abin da ya wajaba uku ne. A ware wa gyaran jirage da na'urorinsu layi na kansu a kasafin kuɗi, wanda ba a taɓa shi don wata lalura. Kada a sake karɓar jirgi, saye ko kyauta, sai an rubuta kuɗin kula da shi na shekaru masu zuwa, har da horon makanikai da matuƙa. Sannan a samu masu binciken da ba a ƙarƙashin ministan tsaro suke ba, su duba takardun duk shekara.

Ɗan kasuwar da ke biyan patanti da ma'aikacin da ake yanke wa lampo tun kafin albashi ya shigo hannunsa suna da ikon tambaya, domin kuɗinsu ne, kuma ƴaƴansu ne ke hawa. Mutanen Lugu sun fuskanci bindiga da kibiya domin ita ce iyakar abin da suka mallaka. Jikokinsu suna da gwamnati da baitulmali. Ba daidai ba ne a ɗora su a jirgin da ba wanda zai iya nuna takardar gyaransa.