Kada A Ɗora Wa Yara Gasar Da Ta Fi Ƙarfinsu

Akwai wata magana da ta ke yawo tsakanin malaman wasanni na makarantun garin Bauchi da masu koya wa yara ƙwallo a unguwanni. Ina so mu duba ta tun muna nan kwaleji, gama ko ba jima ko ba daɗe za ta iske kowane ɗayanmu a makarantar da aka tura shi. Maganar kuwa ita ce, in malami ya yi sa'ar samun ƙungiyar yara 'yan shekara 11 ko 12 waɗanda suka gagari tsararsu, sun bi makarantun kusa duk sun lallasa su, wai abin da ya fi shi ne ya kwashe su ɗungum ya sa su cikin gasar 'yan shekara 14 ko 15 don su ƙara gogewa. Ni dai ban yarda da wannan ba, ga kuwa dalilaina.

Da fari sai mu ba masu wannan ra'ayi haƙƙinsu, domin ba daga sama suka tsinto shi ba. Yaron da kullum ya ke cin shida ba ko ɗaya ba ya koyon kome. Ya kan riƙe ƙwallo ya yi ta yanka mutane har ya gaji don kansa, tun da ba mai iya ƙwace masa. Ran da ya gamu da wanda ya fi shi gudu, dole ya ɗaga kai ya nemi ɗan'uwansa, ya miƙa masa tun ba a cim masa ba. Wannan gaskiya ne. Su kan kuma kawo misalin Pele na Burazil, wanda ya ci kofin duniya a ƙasar Suwidin a 1958 yana ɗan shekara 17, da Lamine Yamal, wanda ƙungiyar Barcelona ta sa shi wasan manya a 2023 yana ɗan shekara 15.

To, amma a lura, waɗannan mutum guda guda aka ɗaga. Ba wanda ya kwashi dukan ajin su Pele ya tafi da su Suwidin. Cikin ƙungiyar yara da ta gagara, in ka zauna ka duba da kyau, za ka ga yaro biyu ko uku ne su ke ɗauke da ita. Sauran takwas yara ne kamar kowa, suna ci ne albarkacin waɗancan. In aka ɗaga ƙungiya duka, mai yiwuwa ukun nan su ƙaru. Takwas ɗin fa? Su ne za su sha duka kowane mako, ba don sun yi laifin kome ba, sai don Allah ya haɗa su aji ɗaya da gwanaye.

Abin da ke tsakanin ɗan shekara 12 da ɗan 15 ya fi ƙarfin a ce shekara uku ce kawai. A tsakanin nan ne namiji ya kan yi tsawon nan na farat ɗaya, murya ta buɗe, ƙirji ya faɗaɗa, cinya ta cika. Yawanci abin ya kan zo wajen shekara 13 ko 14, amma wani ya kan riga da shekara biyu, wani kuwa ya makara da biyu. Sa'an nan a bakin kowane dogon ƙashi na yaro akwai wani wuri mai taushi kamar guringuntsi, ta nan ƙashin ya ke ƙara tsawo, ba ya kuwa ƙanƙarewa sai girma ya tsaya. Karaya a wannan wuri ta fi ta babba wuyar sha'ani, gama ta kan iya taɓa girman ƙafar kanta. Yanzu ku tuna irin filayenmu da rani, ƙasa kamar daɓe, ga tsakuwa, ga yara da yawa ba takalmin kirki balle abin kare ƙwauri. Ku ce mini wane uba ne zai gode wa malamin da ya jefa ɗansa gaban ƙaton saurayi a irin wannan fili.

Ko an tsira daga rauni, me su ke koya? Ragar manya faɗinta yadi 8, tsayinta ƙafa 8. Ka tsai da ɗan shekara 11 a cikinta, ko ya yi tsalle da iyakar ƙarfinsa yatsunsa ba su kai ƙarfen sama ba, duk wanda ya ɗaga ƙwallo ya ci. Malam kuwa da ya ga ana zuba musu sai ya tattara yaransa duka ya mai da su baya, ya ce kowa ya sami ƙwallo ya doka ta gaba iyakar ƙarfinsa. Ashe ke nan abin da ya sa aka yabe su tun farko, watau riƙe ƙwallo da miƙa wa juna cikin natsuwa, shi ne abu na fari da za su yar. Turawan Ingila, waɗanda daga wurinsu wasan nan ya zo mana, sun bi hanya dabam. A 2012 hukumarsu ta ƙwallo ta tsai da shawara cewa ƙananan yara su riƙa wasa biyar-biyar, su hau bakwai-bakwai, sa'an nan tara-tara, a ƙaramin fili da ƙaramar raga, kada su shiga sha ɗaya-sha ɗaya sai sun tasa. Manufarsu yaro ya yi ta taɓa ƙwallo, maimakon ya wuni yana bin ta da kallo tana wucewa ta bisa kansa.

Wani zai ce, ai mu nan tun fil azal ƙane da wa tare su ke wasa. Haka ne. Je ka filin Kobi da la'asar, ko Jahun, ko Yalwa, ko Fadamar Mada, za ka tarar ɗan shekara goma yana tsakiyar samari, a nan kuwa yawancin gwanayenmu suka koyi abin da suka iya. Amma wasan unguwa dabam, gasar kofi dabam. A unguwa babban ya san ƙanen wane ne, ya san in ya taka shi da gangan maganar za ta riga shi isa gida, saboda haka ya kan sassauta. Yaron in ya ji wuya ya koma gefe ya huta, ba wanda ya rubuta an ci shi. A gasa kuwa ba sani ba sabo, ga 'yan kallo suna ihu, ga kofi a bisa tebur. Amfanin da a ke nema na cuɗanya da manya yaranmu suna samunsa kyauta kowace yamma. Abin da su ke rasawa shi ne wasa mai tsari da tsararsu na gaskiya.

Wannan ya kawo mu ga babbar magana, wadda kowa ya sani amma ba a son faɗi. Yara da yawa a ƙasar nan ba su da takardar haihuwa, sai takardar rantsuwa da a ke yankowa a kotu ran da bukata ta taso. Don haka gasar da aka ce ta 'yan ƙasa da shekara 13 ce, ba wuya ka ga wanda ya riga ya san wanzami da aske gemu a cikinta. Yaron da shekarunsa 12 ne tsakani da Allah, tun a gasar tsararsa ma da manyansa ya ke karawa. In ka ƙara ɗaga shi zuwa ta 'yan 15, da 'yan 18 ka haɗa shi.

Abin bai tsaya ga makarantu ba. Nijeriya ta ci kofin duniya na ƙananan samari har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, abin alfahari ne ƙwarai. Amma kuma a 1989 hukumar FIFA ta hana mu shiga gasannin da a ke ƙayyade shekaru har shekara biyu, saboda ranakun haihuwar waɗansu 'yan wasanmu sun saɓa tsakanin takarda da takarda. A 2009 aka yi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a ƙasar nan, aka buga waɗansu wasanninta nan Bauchi a filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A wannan gasa ce FIFA ta shigo da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu. Wurin nan mai taushi da na ambata ɗazu shi a ke dubawa, in ya riga ya ƙanƙare sarai, alama ce mutum ya wuce shekarun. A 2016 yara 26 na sansanin ƙungiyar ƙasa suka kasa haye wannan gwaji, ragowar suka je Yamai, 'yan Nijar suka fid da su. Mu a makarantun firamare ba mu da na'ura. Abin da mu ke da shi rajista ce, ita kuwa a hannun malami ta ke. Wanda ya rubuta shekarun yaro daidai ran da aka kawo shi aji ɗaya, ya kuma ƙi taɓa su ran da a ke son kofi, ya yi wa ƙwallon ƙasar nan aikin da ya fi sayen riguna.

Bari in faɗi wani abu ko da zai yi wa waɗansu zafi. Sau da yawa ba don yara a ke ɗaga ƙungiya ba, don malam ne. In an ci su ya ce ai ƙanana ne, in sun ci a ce kai, wannan malami gwani ne. Ko ta ina shi bai yi hasara ba. Mai hasara shi ne yaron nan siriri da girma bai zo masa da wuri ba, wanda bayan an banke shi sau uku a gaban jama'a sai ya daina zuwa fili, alhali kuwa da an yi masa haƙurin shekara biyu watakila shi ne zai fi su duka.

To, yaya malami zai yi da ƙungiyar da ta rasa abokin karawa? Yaron da ya fi tsararsa nesa ba kusa ba, in jikinsa ya kai kamar yadda ƙafarsa ta kai, a ɗaga shi shi kaɗai, bayan an shawarci mahaifinsa. Ya fara da zuwa horo tare da manya rana ɗaya a mako, a ga kamun ludayinsa, a kuma gaya masa tun farko cewa in ya dawo cikin 'yan'uwansa ba abin kunya ba ne. Sauran kuwa a raba su gida biyu, a rarraba gwanayen, su kara da juna bakwai-bakwai. A sa musu doka, yau ba mai taɓa ƙwallo fiye da sau biyu, gobe ba ci sai da ƙafar hagu. Za ku sha mamakin yadda gwanin jiya zai yi gumi. In ana so su ɗanɗana ƙarfin manya, a shirya wasan sada zumunta sau ɗaya a zango, a rage lokaci, a sami alƙalin wasa mai tsanani wanda ba ya barin a taka yaro. In kuwa da halin kuɗin mota, ai Bauchi ba ita kaɗai ke da yara ba. Akwai tsararsu a Dass da Ningi da Misau da Azare, karen bana kuwa shi ke maganin zomon bana.

Akwai kuma wata dabara da aka gwada a Ingila a 2015, inda ƙungiyoyin Southampton da Stoke da Reading da Norwich suka yi gasa suka jera yaransu bisa ga inda girman jikinsu ya kai, ba bisa ranar haihuwa ba. Manyan jiki suka gamu da irinsu, ƙarfi ya daina yi musu aiki sai dabara, ƙananan kuwa suka sami sararin nuna abin da suka iya. Wannan ta dace da mu ƙwarai, tun da ya ke takardunmu ba abin dogara ba ne, kayan aikinta kuwa ba su fi ƙarfinmu ba. Bangon aji da alli da rula sun isa auna tsayi, sikeli kuwa a kan samu aro a asibitin sha-ka-tafi. Malaman makarantu huɗu ko biyar na unguwa ɗaya suna iya haɗuwa farkon kowane zango su auna yaransu a gaban juna, a rubuta tsayi da nauyi kusa da sunan kowa, sa'an nan a yi jerin gasa bisa ga abin da aka rubuta.