Masu zuba guba a ruwa da masu ɗaure musu gindi

Jama'a, rani ya shigo, ruwa ya ja baya, kuma abin da muke gani duk shekara ya dawo. Da kogi ya tsinke ya bar gurabe, sai wasu su bi dare su tsiyaya maganin feshi a ciki. Gari na wayewa ruwa ya yi fari fat da kifi, ciki a sama: tarwaɗa, karfasa, ƙurungu, har 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba. Kwaɗi da kififiya ma ba sa tsira. A tsince manyan a kai banda, a bar sauran su ruɓe a bakin ruwa. Wai kuma sunan wannan su!

Maganin da ya yi ƙaurin suna a wannan ta'asa shi ne Gamalin 20, wanda sinadarin cikinsa ake kira lindane. Don ƙwarin gona aka yi shi, musamman na koko a kudu. Hukumar NAFDAC ta haramta shi a 2008, a 2009 aka sa shi cikin Yarjejeniyar Stockholm ta gubobin da ke daɗewa ba su narke ba, a 2015 kuma masu binciken cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka tabbatar yana jawo cutar. Guba ce mai maƙalewa a kitsen kifi, wuta da hayaƙin banda ba tabbacin sun kore ta. To wa ke cin kifin? Mu ne. Ruwan kuma shi shanu ke sha, shi masu lambu ke ja da inji su ba tumatir da albasa, a ciki yaranmu ke wanka.

Wasu kuma gidan sauron da aka raba kyauta don kare mata masu ciki da jarirai suka mayar koma. Idonsa bai barin komai, har ƙwai yake kwashewa. Wanda ya cinye iri bana, me zai shuka baɗi?

Amma ni yau ba yaron da ya tsiyaya gubar kaɗai nake nufi ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya sayar masa da maganin, alhali ya san ba shi da ko kunya ɗaya ta wake? Wane dillali ne ya ba shi kuɗin somin-taɓi, ya zo da asuba ya ɗauki kwanduna, bai tambayi yadda aka cika su a dare ɗaya ba? Wa ya karɓi kuɗin gurbin ya ce a je a yi, ya juya baya? Waɗannan su ne masu ribar gaske. Duk lokacin da asiri ya tonu, yaron ake kamawa a yi masa tsawa, su kuwa suna zaune a inuwa suna lissafi.

Kada wani ya ce babu doka. Tun 1992 aka yi dokar tarayya kan kamun kifi a koguna da tafkuna, ta hana guba, ta hana abin fashewa, ta hana lantarki, ta kuma ƙayyade faɗin idon koma. Sama da shekara talatin ke nan. Sau nawa kuka ji an gurfanar da dillali ko mai shagon magani a kanta?

Ku duba Argungu. Ruwan Matan Fada a tsare yake, ba mai jefa koma sai ranar da aka buɗe shi, kuma akwai Sarkin Ruwa da ke da alhakinsa. Shi ya sa a bikin 2020 aka fito da kifi mai kilo 78. Kifi bai kai haka sai an bar shi ya girma. A ƙasar Tailan ma, da jiragen 'yan yawon buɗe ido suka lalata halittun gaɓar Maya, gwamnati ba ta tsaya bin baƙi ɗai-ɗai ba. A 2018 ta rufe wurin ga kowa, har da kamfanonin da ke kwaso mutanen, sai 2022 ta buɗe, ta hana jirage shiga ciki. Wanda ke cin kuɗin ruwa, shi ya kamata ya amsa tambaya a kansa.

Na san za a ce talauci ne. Gaskiya ne, rayuwa ta yi tsada. Amma masuncin da ya gaji sana'ar nan, mai birgi da mali da ƙugiya, shi ma talaka ne, kuma shi ake kashe wa kasuwa. Gurbi ɗaya da zai ci da gidaje har faɗuwar damina, mutum uku sun ƙarar da shi a dare guda. Kogin Bunga kuma ba namu ba ne mu kaɗai: daga tsaunukan Jos ya taso, ya wuce mu ya nufi Jama'are har ya haɗu da na Haɗeja. Abin da muka zuba, na ƙasa da mu ne za su sha.

Don haka ina kira ga hakimai da dagatai na Gwaram da Birnin Kudu: kowane gurbi a san mai kula da shi, da sunansa. In aka wayi gari an sa masa guba, shi za a fara kira. Shugabannin 'yan kifi su ƙi karɓar kifin da ba a san masuncinsa ba. Jami'an gona su leƙa shagunan magani ranar kasuwa. Limamai su taɓo zancen a huɗuba, don ɓarna ce a bayan ƙasa, kuma cutar da Musulmi ce.

Mu masu saye kuma mu riƙa tambaya. In ka ga tulin kifi manya da 'yan mitsi-mitsi a haɗe, da arhar da ta wuce hankali, ka san ruwa ba ya tsami banza.

Allah Ya sa mu gyara tun muna da abin gyarawa.