Jariri Da Kayan Kanti

Malam Edita, ina roƙo ka ba ni fili a shafinmu na Hausa in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai a kan wani al'amari wanda ba ya cikin jadawalin darussanmu, amma yana jiran kowannenmu ran da muka bar kwalejin nan. Waɗansunmu sun riga sun yi aure, waɗansu har an yi musu ƙaruwa, saura kuwa suna hanya. Ban da wannan, duk wanda aka tura shi koyarwa ƙauye zai tarar mutane ba su cika bambanta malamin makaranta da malamin asibiti ba. Kai za a kawo wa gwangwani ko kwalba a ce, "Malam, duba mana, wannan yana da kyau ga yaro?" Abin da ka faɗa kuwa shi za a yi.

Ra'ayina shi ne, yawancin abin da jariri yake bukata a watanninsa na fari ba a kanti yake ba. Kuɗin da sababbin iyaye suke zubarwa wajen sayen kayan jariri da yawansa asara ne, wani ma sayen wahala ne da kuɗi. Mu maza kuma mu ne muka fi laifi, gama mu ne masu zuwa kanti, muna so a ga angon ƙarni ya yi bajinta. Bari in bi kayan nan ɗaya ɗaya.

Mu fara da abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a sa jariri a nono cikin sa'a guda bayan haihuwa, a ba shi nono zalla har wata 6, sa'an nan a haɗa masa da abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Nono zalla kuwa ma'anarsa ko ruwa kada a ba shi. Na san a nan ne kakanni za su tashi tsaye su ce, "Da zafin nan za a hana yaro ruwa?" Amsa ita ce, kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, ruwa kuma mai tsabta wanda ba ya bukatar tacewa ko tafasawa. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne. In ka cika shi da ruwan rijiya ka tare wurin nono, ka kuma shigar masa da ƙwayoyin cuta. Har wa yau akwai inda ake matse dakashi a zubar, wai ƙazanta ne, alhali kuwa wannan nonon fari mai kauri shi ne rigakafin farko da yaro yake samu. Zuma ma, duk da daɗinta, ba a ba yaron da bai cika shekara ba, domin takan ɗauki wata ƙwayar cuta wadda hanjinsa bai isa ya yaƙe ta ba. Binciken lafiya da aka yi a ƙasar nan a 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kaɗai na jariran da ba su kai wata 6 ba suke samun nono zalla. Watau cikin kowane jariri goma, bakwai an riga an haɗa musu da wani abu.

To, sai gwangwanin madara da bulumboti, waɗanda yanzu suke shiga sahun farko cikin kayan haihuwa tun ba a ga jaririn ba. Rigimar madarar gwangwani tsohuwa ce. Wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da ake kira Ghana yanzu, ita ce ta bayyana wa likitocin duniya ciwon kwashiyoko a 1933 da 1935. Sunan daga harshen Ga ta ɗauko shi, yana nufin ciwon da yake kama yaro in an ture shi daga nono saboda ƙane ya zo. A 1939, tana aiki a Singafo, ta fito fili ta zargi masu tallan madarar gwangwani da jawo mutuwar jarirai. Sai a 1981 ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar da ta hana tallata madarar jarirai ga jama'a da raba wa iyaye mata samfuri kyauta, Nijeriya kuma ta kafa tata doka a 1990.

Me ya sa aka yi wannan tsanani? Ku duba yadda abin yake tafiya a gidan ƙaramin ma'aikaci. Uba ya sayi gwangwani ɗaya da murna. Yaro ya saba da bulumboti, ya rage tsotson uwa, nono kuwa gwargwadon tsotso yake zuwa, sai ya fara janyewa. Kafin wata ya ƙare gwangwani ya ƙare, albashi bai zo ba. Sai uwa ta fara rage awo tana ƙara ruwa domin na biyu ya daɗe. Yaro yana sha cikinsa yana cika, amma yana ramewa. Ga kuma wankin bulumboti, wanda yake son sabulu da buroshi da tafasawa kowane lokaci, a gidan da ake sayen ruwa da gawayi. Ragowar madara a lungun robar nan ita ce gonar ƙwayoyin cuta, daga nan sai zawo.

Ban ce a kori madarar gwangwani daga duniya ba. Akwai marayan da uwarsa ta rasu wurin haihuwa, akwai uwar da ciwo ya kwantar, akwai wadda likita ya hana ta shayarwa saboda wani dalili. Ga irin waɗannan madarar nan ceton rai ce, kuma bai kamata kowa ya yi wa uwar gori ba. Amma a ɗauke ta kamar magani, a saya bisa shawarar ma'aikacin lafiya. A dama da tafasasshen ruwa tun yana da zafi, a bi awon da aka rubuta daidai, a bari ta huce, abin da ya rage a zubar. Ƙaramin kofi kuma ya fi bulumboti sauƙin wankewa. Madarar shayi da ta gari irin ta manya ba abincin jariri ba ce ko kaɗan.

Na biyu, magunguna, musamman abin da ake kira maganin haƙori. Mutanenmu sun gaskata fitar haƙori ita take kawo zawo da zazzaɓi. Gaskiyar magana, haƙori yakan fara fitowa wajen wata 6, daidai lokacin da yaro ya fara cin abinci, yana jan ciki, yana kai duk abin da ya tsinta baki, kariyar da ya samo daga jikin uwa kuma tana raguwa. Abu biyu ne suka haɗu a lokaci ɗaya, aka ɗora wa haƙori laifi. Haɗarin shi ne a zauna ana ɗura wa yaro ruwan kwalba alhali zazzaɓin cizon sauro ne yake cinsa. Wani lokaci ma kwalbar ce ajalin. A 1990 yara fiye da 100 suka mutu a ƙasar nan, da yawansu a Jos da Ibadan, bayan sun sha ruwan farasitamol wanda aka haɗa da wani ruwan guba irin wanda ake sa wa man birkin mota. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 gubar nan ta sake fitowa cikin maganin haƙori mai suna My Pikin, yara 84 suka mutu, ƙodarsu ta daina aiki. Iyayen nan ba sakaci suka yi ba, ƙauna ce ta kai su kemis. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Yaro mai haƙori a goga masa dasashi da yatsa mai tsabta. In kuwa jikinsa ya yi zafi, a kai shi asibiti a gwada jininsa. Kowane magani za a saya a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewarsa, duk da haka kada a ba jariri sai ma'aikacin lafiya ya rubuta.

Na uku, kayan shafe-shafe da ƙamshi. Mun saba ganin jariri an bula masa hoda har wuya ya yi fari fat. Ƙurar hodar nan yana shaƙarta, huhunsa kuwa bai yi ƙwari ba. Kamfanin Johnson & Johnson ma, wanda hodarsa ta fi kowace suna, ya daina sayar da ta dutsen talki a duniya duka a 2023, bayan ƙararraki masu yawa a Amurka, ko da yake ya ce tasa ba ta da illa. Fatar jariri ba ta son komai ban da wanka da sabulu marar ƙamshi, a tsane ta sosai, a shafa ɗan man kaɗanya mai tsabta ko basilin. Man da aka ce yana sa yaro ya yi haske, wannan kam kyan ɗan maciji ne, gama da yawansu akwai magunguna masu ƙarfi a ciki waɗanda suke ratsa fata su shiga jini. Sai kafur da mata suke zubawa cikin akwatin tufafi saboda kyankyaso. Akwai yara da yawa a ƙasarmu, musamman maza, waɗanda aka haife su da wani rauni a jini, in suka sa rigar da ta sha kafur sai jininsu ya riƙa farfashewa, shawara ta kama su. Shawarar jariri in ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko naƙasa har abada. Duk jaririn da aka ga idonsa ko fatarsa ta yi ɗorawa a kwanakin fari, a kai shi asibiti ran nan.

Cibiya kuma ita ce ƙofar da cuta take samu a buɗe. Gashi da tsumma, da shafa man zafi, ko toka, ko man goge baki, duk suna iya jawo ruɓa ko ciwon sarƙe-haƙora. Akwai wani ɗan man cibiya mai araha, kuloheksidin, wanda ma'aikatar lafiya ta amince da shi. A wanke hannu a shafa sau ɗaya a rana kamar yadda ungozomar asibiti ta nuna, a kiyaye ƙwarai kada ya kusanci ido.

Wani zai ce, "To, Malam, ka hana wannan ka hana wancan, me za mu saya?" Ga su. Gidan sauro mai magani, uwa da ɗa su kwana ciki kullum. Sabulu, da bokiti mai murfi. 'Yan riguna na auduga masu laushi, kada su yi yawa, gama jariri yana wuce riga cikin 'yan makonni. Nafkin na zane wanda za a wanke a shanya a rana, in kuwa ana da halin famfas, a riƙa canzawa da zarar ya jiƙe. Mai barin famfas ɗaya tun safe har yamma domin tattali, kuɗin da ya rage a maganin ƙuraje zai ƙare. Zanen goyo, da hula da safa saboda hunturu. Shimfiɗa mai ɗan tauri, a kwantar da yaro rigingine, ba matashi ba tarin barguna kusa da fuskarsa. A ajiye ƙunshin gishiri da sukari na asibiti tare da ƙwayar zinki saboda zawo. Allurar rigakafi kyauta ce a asibitocin gwamnati: ran haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, da wata 9, da wata 15, katin kuma a adana shi kamar takardar shaidar makaranta. Bayan wata 6, kunun gero ko dawa da aka haɗa da gyaɗa da waken soya, da ɗan ƙwai, da garin kifi, da ganye, ya isa ya gina yaro ba tare da gwangwanin kanti ba. Sauran kuɗin a kashe su a cikin tukunyar maijego, a kuma ɓoye kaɗan saboda kuɗin mota zuwa asibiti da tsakar dare.

Akwai magana biyu da na san za a tare ni da su, kuma duka suna da nauyi. Ta fari ita ce ta 'yan'uwanmu mata malamai: yaya mai aji arba'in za ta shayar da nono zalla har wata 6? Lalle da wuya. Jihar Legas tun 2014, da Jihar Kaduna tun 2019, sun ba ma'aikatansu mata hutun haihuwa na wata 6, ya kamata sauran jihohi da masu makarantun kuɗi su bi sawu. Kafin nan, uwa tana iya tatsar nono cikin kofi mai tsabta ta rufe, yakan kai kamar sa'a 4 a inuwa bai lalace ba, mai reno ta ba yaro. Mu kuma da za mu zama shugabannin makarantu wata rana, ba abin da zai hana mu ware ɗaki guda da rabin sa'a domin malama ta shayar da ɗanta.

Ta biyu ita ce idon mutane. Ran suna ana zuwa ganin kaya, surukai suna ƙirga akwatuna, ba wanda yake so a ce ya gaza. Na yarda kunya abu ce mai zafi. Amma masu ƙirgar nan da yamma za su watse, bashin kuwa ya kwana da maigida. Mu da muka yi karatu mu ne ake kallo. In malami ya kai wa abokinsa barka da gidan sauro da sabulu da mudun waken soya, gobe wani zai yi koyi da shi ba tare da jin kunya ba. Kakanni kuma kada a yi musu gatsali, gama su ne suke wanka da reno, sun kuma san abubuwa da yawa da ba mu sani ba. Maigida ya zauna ya ce, "Mama, ga abin da aka faɗa mana a asibiti," in ya yiwu ma a tafi da ita ranar awo ta ji da kunnenta.

Ina roƙon hukumar kwaleji ta duba ko za a riƙa gayyato ma'aikaciyar jinya sau ɗaya kowane zango ta yi wa 'yan ajin ƙarshe bayani a kan renon jarirai, maza da mata tare. Yaran da ake haifa bana su ne za su zauna a gabanmu a aji ɗaya nan da shekara shida, kuma abin da aka ba su a watanni shidan farko zai biyo su har cikin ajin. Wanda yake da wani ra'ayi dabam, ga fili nan a fitowa ta gaba. Allah ya raya mana su.